Kada Jidda Ta Riƙe Ni

Assalamu alaikum Malam, kai da maƙwabtanka na maƙabartar Baƙi'a ta nan Madina. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba cika sauraron maganata ka yi ba, balle yanzu.

Gidanmu na unguwar Ƙurban na nan yadda ka bar shi, sai dai dabinon tsakar gida bai yi 'ya'ya bana ba. Ɗanmu Habibu ya samu aiki. Har yanzu ina yi masa Hausa, yana mayar mini da Larabci.

Ka tuna hasken da aka gasa mini ciwon dajin mahaifa da shi, shekarar da ka rasu? Ciwon ya tafi, amma wutar ta ƙona mini mafitsara. Fitsarina jini ne, Malam, wani lokaci guda-guda. Na gaji da wankin zane. Na gaji da ƙarin jinin mutanen da ban sani ba. Rabona da Harami tun azumi, don ina tsoron in ɓata shimfiɗar masallacin Manzon Allah.

Likita ya ce akwai magani a Jidda. Wani tankin ƙarfe ne da ake jinyar masu nutso a teku a cikinsa. Za a rufe ni ciki, a matsa iska, in shaƙi iskar oksijin zalla har jijiyoyin da suka ƙone su farfaɗo. Kullum, makonni da yawa. Ba turare, ba man shafawa, sai farin yadin auduga. Da na ji haka na yi dariya, ai shirin likkafani ke nan.

Ba tankin nake tsoro ba. Ka san inda mutum ya mutu, nan aka saba binne shi. Iyayenmu sun tako da ƙafa daga Kano don ƙasar Madina ta rufe su. Ni kuma in je in faɗi a Jidda, kai kana nan? Ban taɓa gaya maka ba, ko lokacin da nake yi maka faɗa a kan kwanciya a tsakiyar katifa, ban iya barci sai na ji ka kusa.

Habibu ya yi kuka jiya yana roƙona in je, na amsa masa. Gobe za mu tafi.

Sai na dawo, Malam, da ƙafata ko a kafaɗar mutane. Wannan karon ka matsa gefe, ka bar mini wuri.

Matarka da ta gaji,
Hajara