Wankan jikana ta waya

Daren Laraba, Sabon Gari

Yau kwana uku da ɗiyata Hadiza ta haihu a Amurka, ni kuwa ga ni nan Maraɗi. Tun cikin yana wata huɗu muke neman biza. Sau biyu ina zuwa Yamai, sai gwamnatin Amurka ta ce ta tsayar da ba mutanenmu. Mijin Hadiza ya ce siyasa ce, wai masu mulkin yanzu ba su son baƙi. Ni dai ban san abin da tsohuwa irina za ta rage musu ba.

Da la'asar ta kira ni ta bidiyo, idanunta duk sun kumbura. Ta ce, "Inna, tsoron yi masa wanka nake. Gani nake zai suɓuce mini."

Na wanke jikoki a Tsibiri da Jiratawa, amma ban taɓa koyar da wanka da baki ba. Sai na naɗe tawul kamar jariri, na ɗora shi bisa ƙafafuna, na ce, "Duba nan, haka za ki tallabe wuyan. Yi bisimilla." Ta yi. Yaron ya tsala kuka, muka yi dariya tare, sai layi ya yanke.

Maigidana Malam ya dawo daga sallar magariba ya tarar da ni a tsakar gida, har lokacin ina jijjiga tawul ɗin. Ya jawo tabarma ya zauna kusa da ni.