Ƙarin Jinin da Mama Ke Yi da Ganyen Ugu

Zuwa ga Dakta, shugabar binciken jinin 'yan wasa,

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da iyali da ma'aikatanki. Sunana Saratu, ina aji biyar a sakandare, muna zaune a unguwar Television. Ni ce ƙanwar Rahila mai gudun mita ɗari takwas.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da kuka zo filin atisaye ɗiban jini, ba don Yaya Rahila na tsaya a bayan rumfarku ba. Saboda ma'aikacinki ne, dogon nan mai farar riga da tabarau. Na buɗe littafin soyayya kamar ina karatu, amma ko shafi ɗaya ban juya ba. Har suna na raɗa masa a zuciyata. Shi ya sa na ji duk abin da aka faɗa a rumfar, shi ya sa kuma na yi shiru har yau. In na ce na ji, za a tambaye ni me ya kai ni wurin.

Ga abin da na sani.

Na ɗaya. Da bakinki kika ce kina neman hanyar da gwajin jini zai gano ɗan wasan da ya sha ƙwaya, ko aka ɗura masa jini don ya fi kowa gudu. Kin ce bincike ne, ba hukunci ba, kuma abin da mutum ya faɗa ba zai fita daga rumfar ba. Yaya ce ta fara miƙa hannu. Har dariya take yi, wai a ɗiba da yawa, tana da shi.

Na biyu. Ma'aikacinki ya tambaye ta da Hausa, "An taɓa yi miki ƙarin jini?" Ta ce, "Kullum ma. Mama ce ke yi min a gida." Ya ɗago kai ya kalle ta, ya rubuta wani abu da Turanci, bai ƙara tambaya ba. Kocin su Yaya yana tsaye a bakin rumfa yana shan ruwan leda.

Na uku. Dakta, a gidanmu ƙarin jini ganyen ugu ne, wanda ake miya da shi. Mama takan murje shi, ta tace, ta zuba madarar gwangwani da lemon malt, ta tsaya a kanka sai ka shanye. Haka ake yi wa mai jego, haka ake yi wa wanda ya tashi daga zazzaɓi, duk layinmu. Ba a taɓa rataya wa Yaya ledar jini ba.

Na huɗu. A satin da kuka zo koci ya cire sunanta daga cikin masu zuwa gasar zaɓen 'yan wasan jiha. Wai ita da bakinta ta faɗa, shi ba zai kai abin kunya ba. Mama ta je da kofin haɗin a hannunta ta nuna masa. Ya ce, "Madam, ni ba likita ba ne, a kawo min takarda." Muka je ofishinku, mai gadi ya ce sakamako sirri ne. Ashe mu kaɗai aka yi wa sirrin.

Yanzu Yaya tana taya Mama sayar da doya a bakin titi a Gonin Gora. Yaran layinmu suna kiranta Mai Leda, tana amsawa. Har yau da asuba take farkawa, ta zauna a bakin gado, ta jima, ta koma ta kwanta. Ba ta kuka. Ni ma na nemi haushi a raina na rasa. A littattafan da nake karantawa, daidai nan ne wani yake zuwa ya gyara komai. Yanzu in na buɗe su, baƙaƙe kawai nake gani.

Ban sani ba ko gwajinki yana iya raba ugu da ledar jini. In yana iyawa, ai jinin Yaya yana wurinki. Ina roƙonki ki duba shi, ki rubuta wa koci abin da kika gani kafin a rufe sunaye a ƙarshen wata. Tambayar nan kuma a gyara ta, a riƙa cewa "an taɓa ɗura miki jini a leda?" Akwai ugu a gidaje da yawa.

Allah ya ba ki nasara a bincikenki, ya sa ya kama masu laifi na gaskiya, ya tsare miki naki 'ya'yan.

Da na so in tura wasiƙar nan ba suna. Amma shaidar da ba ta da suna ba za ta mayar da Yaya fili ba. Kwafi ɗaya zan liƙa a allon sanarwa na filin atisaye. Wannan kuma gobe, in an tashi makaranta, zan kawo miki da hannuna. In mai gadi ya hana ni shiga, zan tsaya a bakin ƙofa har motarki ta fito.

Wassalam.

Taki,
Saratu, ƙanwar Rahila