Ƙunshin da Inna Gaji Ta Miƙo Mini a Tashar Zugu

Paraku, unguwar Zongo
Talata, tsakiyar damina, 1968

Zuwa ga Hajjo, ɗiyar Malam Baƙo na Zugu,

Ya ke sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, inuwar kaɗanya ga matafiyin da rana ta gasa! Ya ke farar kurciya mai tafiya kamar tana jin tausayin ƙasa, zumar kogon ɗorawa wadda ba a ɗanɗana sai an sha harbi! Sallama gare ki gwargwadon ɗigon ruwan da ya sauka tsakanin garinku da namu. Ki gaida Malam, ki gaida Inna Gaji, in har gaisuwata tana da sauran wurin zama a gidanku.

Hajjo, na rasa gane gabana da bayana. Yau kwana huɗu da dawowata daga Zugu. Shekara biyu na yi a jami'a a ƙasar Italiya, ina karya harshena da Italiyanci da safe, da rana ana koya mini hulɗar ƙasashe: yadda ake karanta fuskar jakada, yadda ake gane fushin wata ƙasa daga irin gaisuwar da ta aiko. Na ci jarrabawa, malamai sun yaba. Ga ni kuma na kasa karanta fuska guda a tsakar zauren mahaifinki!

Kin san na zo da zumuɗi. Ko hutawa ban yi ba na hau kamyon, babbar motar goron Baba, ina ƙirga bishiyoyi. Na durƙusa gaban Malam. Ya tambaye ni abin da nake karantawa, na yi ta kewaye-kewaye, kalmomin na zo mini da Faransanci, suna guje mini da Hausa. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Wato sulhu kake koyo, Ishaƙu. To, madalla. Saura shekara nawa?" Na ce biyu. Ya shafa gemu, ya ce, "Biyu," ya koma ga allonsa. Albarka ce ya sa mini, ko sallamata ya yi? Wallahi har yanzu ban sani ba.

Sai ga ki da ƙwaryar ruwa. Ashe zuciya tana iya tsayawa mutum bai mutu ba! Kika durƙusa, idonki a ƙasa, kika ce, "Sannu da hanya, Mushe." Mushe, Hajjo? Lakabin nan na Faransawa da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikacin gidan waya? Ni da kike ce wa Ɗan Paraku, kina ɓoye dariya da bakin mayafi? Na ɗago in ga ko wasa ne, har kin ba ni baya. Ruwan nan na sha shi, amma ƙishina ƙaruwa ya yi.

A tasha, mota na shirin tashi, Inna Gaji ta ɓullo tana haki, ta cusa mini ƙunshi a tsumman atamfa. Ta ce, "Ga kayanka. Ka tafi ƙasar Turawa don ka koyo kiran ɗiyar mutane kara da miya? Garin nan har 'yan mata a rijiya abin da suke kiranta ke nan." Kafin in buɗe baki direba ya ja.

Na kwance ƙunshin a kan cinyata. Wasiƙuna ne.

Kara da miya! Har muka wuce rabin hanya ina juya maganar, sannan ta faɗo mini kamar tsawa. Ya hasken raina, "kara miya", kalmomin nan biyu na Italiyanci da nake buɗe wasiƙuna da su, a bakin mutanen can "abar ƙaunata" suke nufi. Su ne mafi taushin abin da na tsinta a harshensu, na ɗauko su da hannu biyu in shimfiɗa miki. Ban taɓa jin yadda suke faɗuwa a kunnen Bahaushe ba. Na aiko miki da fure, ya iso miki kara. Amma ta yaya har suka isa bakin rijiya?

Amsar na same ta da na shimfiɗa wasiƙun a kan tabarmar ɗakina. Na farko-farkon, waɗanda na rubuta da ajami, sun yi laushi kamar tsohon zane, lanƙwasarsu ta fara yagewa, ɗaya har da tabon lalle a gefenta. Sauran bakwai ɗin da boko na rubuta su, suna nan fes kamar jiya aka kawo su. Kaicona! Ke da kika sauke Alƙur'ani a gaban Malam, ke da ajami yake miki kamar ruwan sha, yaushe kika shiga lakwal? Dole kika kai sirrina wurin wani ya karanta miki. Abin da na rubuta don ke kaɗai, da muryar wani namiji ya shiga kunnenki, daga bakinsa kuma ya bazu gari. Wata bakwai, ko fiye, kina shan wannan kunya, ni ina can ina jin kaina gwani.

Ba zan ɓoye miki dalili ba, ko da zai ƙara zubar da ni. Wata rana abokin ɗakina ya leƙo ina rubuta miki, ya tambaye ni ko laya nake yi, 'yan ajinmu suka taru suna kallo. Na ji nauyi. Na sauya hannu, na ce wa kaina sau ɗaya ne. Daga nan son burgewa ya shiga. Shi ya sa yau na koma ga tawada da alƙalamin kara, hannuna na tuntuɓe daga dama zuwa hagu kamar jinjiri mai koyon tafiya.

Kin tuna ranar kasuwar Partago, da ruwa ya kora mu ƙarƙashin rumfar masu daddawa, ke da Inna Gaji, ni da buhunan goron Baba? Na so in nuna ni ma ɗan malamai ne, na jawo aya a kan ruwan sama. Kika ce a hankali, ba ki ko dube ni ba, "Ɗan Paraku, ka ci wasali ɗaya." Da ruwa ya tsagaita kika ɗauki tsinke, kika rubuta kalmar daidai a kan jiƙaƙƙen yashi, kika share da ƙafa kafin Inna ta juyo. Tun ranar nan ba ni da wani gari sai inda kike.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Goma sha biyu na aiko, goma sha ɗaya suka dawo. Na ƙirga har sau biyar. Ta uku ce babu, cikin na ajami, kuma na matse ƙwaƙwalwata na kasa tuna abin da na faɗa a cikinta! Alkawari na yi? Waƙa ce? Kin riƙe ta ne don tana da daraja a wurinki, ko ita ce kika fara jefawa a murhu? Igiya ce kika bar mini in kama, ko mantuwa ce kawai ta ɗaure ƙunshi? Ki tausaya, ya tauraruwar asubahina, wannan takarda guda ta hana ni sukuni.

Nan gida ma ba sauƙi. Baba ya ce in ajiye karatun nan in kama fatauci; tun tafiyata sau biyu mulki ya sauya hannu, ya ce wa zan je in wakilta, da sunan wa zan yi magana? Ni kuma ina son karatun, Hajjo, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina so wata rana ƙasarmu Dahome ta buɗe baki a gaban manyan ƙasashe, a ji ta. Amma me zan yi da kujerar jakada in babu ke a gidan da zan koma? In na tafi, ina tsoron shekara biyu su cinye sauran haƙurinki. In na zauna, ina tsoron ki auri mutumin da ya yar da rabin kansa, kullum yana kallon hanya.

Jirgin ƙasa zai tashi zuwa Kotonu, inda zan kama hanyar komawa Italiya, ranar Alhamis ta sama. Tikitina na cikin aljihu, akwatina a buɗe, ban sa ko riga ɗaya ba. Ki ce tafi, in tafi, amma sai iyayena sun zo gaban Malam an tsai da magana. Ki ce zauna, in zauna, ba za ki taɓa jin gori a bakina ba. Shiru ne kaɗai ba zan iya ɗauka ba. Direban kamyon Baba zai kwana Zugu ran Asabar. Abin da kika ba Inna Gaji, zai iso hannuna.

Ko da a'a ce, ki rubuta ta da hannunki. In ma na yi kuskure a nan, ki gyara mini, ki maido.

Naki ne, jiya da yau, nan ko bayan teku, har ranar da za a juya fuskata gabas,

Ishaƙu ɗan Alhaji Mamuda