Ba Zan Sa Hannu Alhaji Sanda Ya Fito Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar wake, Baba Alhaji.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga abokin mahaifinsa. Ni ne Isuhu na Madarumfa, wanda ka aiko wa dattawa ranar Juma'a a kan in yi sulhu da Alhaji Sanda. Nauyinsu ya hana ni magana a zaure, shi ya sa na rubuto a fili, don duk wanda ya ji roƙonku ya ji amsata.

Na ɗaya. A kakar 1993 na tara wa Alhaji Sanda wake buhu ɗari da ashirin daga manoman Safo, kan jikka ɗari tara, wato sefa dubu ɗari tara. Manoman ba su san shi ba, fuskata suka duba suka ɗora wa amalanke. A gabanka ya rubuta shek ɗin, kai ka ce mini in karɓa, takardarsa kamar kuɗi ce a hannu. Na kai banki a Maraɗi, aka dawo mini da ita, babu kuɗi a ajiyarsa. Ranar nan kamiyonsa, babbar motarsa ta kaya, ya riga ya wuce Ɗan Issa ta bakin iyaka da waken.

Na biyu. Na zo wurinka har na gaji da zuwa. Kullum amsarka ɗaya, in yi haƙuri, kasuwa ta gaji haka. Ba ka aika masa dattijo ko ɗaya ba. A lokacin shi yana canza mota, ni kuwa in na shiga Safo yara na nuna ni, wai ga wanda ya ci waken mutane. Akwai Baba Nomau, mai buhu takwas, da kuɗin ya so a yi masa aikin ido. Ya zo ƙofar gidana, bai zage ni ba, abin da ya faɗa kawai shi ne: “Isuhu, ni dai da kai na yarda.” Ya rasu da makantarsa kafin in haɗa kuɗinsa. 'Ya'yansa na miƙa wa, ba su ko dube ni ba.

Ka san inda na samo kuɗin. Garkar mahaifina ta bakin tabki na sayar, da mangwaron da ya dasa da hannunsa. Ka kuma san wanda ya saya a wulaƙance: surukin Alhaji Sanda.

Na uku. Da na kai ƙara, kun ce na kunyata ƙungiya. Alƙali ya duba shek, ya ji shaidu, ya yanke masa shekara guda a gidan kaso tare da biyana. Sai yanzu, da ya kwana a kan tabarmar da ba tasa ba, aka tuna cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Lauyansa ya ɗaukaka ƙara, yana son in sa hannu cewa mun daidaita, don a sassauta masa. Tayinku jikka ɗari huɗu yanzu, saura bayan kaka. Baba Alhaji, tun da aka karya darajar sefa, kai da kanka nawa kake sayar da buhu? Kuma wa zai tsaya wa sauran? Kai?

An ce mini ƙafarsa ta kumbura, iyalinsa na kuka. Na ji. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban ji tausayi ba. Malamai sun faɗa mini falalar yafiya, na kuma tambaye su ko dole ce, suka ce a'a, haƙƙina ne.

Ga abin da nake nema. A biya ni buhu ɗari da ashirin a farashin yau, kuɗi a hannu, kada a sake nuna mini takarda. Surukinsa ya mayar mini da garkata a kan abin da ya saya. Sannan ku da kuka zo biko ku tafi Safo ranar kasuwa, ku faɗa da bakinku cewa Isuhu bai ci dala ɗaya ta kowa ba. In an yi waɗannan duka, zan shaida wa alƙali gaskiya cewa an biya ni. Iyakarta ke nan. Kalmar yafiya ba za ta fito daga bakina ba, wannan mu haɗu da shi gaban Allah.

In kuwa ba a yi ba, kada a ƙara wahalar da tsofaffi zuwa gidana. Ranar da za a sake zaman shari'a ina nan a layin gaba, na riga na ba tela ɗinkin rigar da zan sa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare maka mutuncinka, kada ya nuna maka ranar da za ka nemi mai tsaya maka ka rasa.

Wassalam.
Isuhu, Madarumfa.