Maƙwabciyar da Bene Ya Tare Mana

Zuwa ga maigidana, Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, ina sanar da kai ni da 'yarka Hafsa muna nan lafiya. Ina cikin takabarka, ko zaure ban taka ba.

Ka tuna bayan kaka, da an idar da isha'i, yadda kake jan mu zuwa dutsen bayan makarantar da kake koyarwa a nan Roni? Sai ka nuna wani ɗan fari-fari a sama, kamar an goga alli da yatsa, ka ce garken taurari ne guda, Andromeda, maƙwabciyar namu garken. Haskenta, in ji ka, ya fi shekara miliyan biyu yana tafe. Na ce ji mutumin da babur ɗinsa bai taɓa kai mu Gwiwa ba sai da turi, shi ke lissafin wannan tafiya! Ka yi dariya har da riƙe ciki.

Na tambaye ka ko ɗan Adam zai taɓa zuwa. Ka ce ko a jirgin da ya fi kowanne gudu, jikokin jikoki za su ƙare ba a bar unguwa ba. "Amma kwantar da hankalinki, ita ce ke tahowa wajenmu."

Malam, daga tsakar gidan nan ba a ganinta. Benen maƙwabcinmu ya tare arewa, fitilarsa ta cinye sauran. Kullum Hafsa sai ta ce in nuna mata, ni kuwa ba halin fita. Kai ne ka ce da zafi ya ƙarato ɓuya take yi. Daidai fitata takaba ke nan, kuma Yayana ya ce ranar zai kwashe mu zuwa Babura. Tsorona kafin baɗi in manta gurbinta, yarinyar nan ta tashi ba ta san abin da ubanta ya fi so ba. Abin yana ci mini rai.

Jiya ta tambaye ni ko can ka tafi. Na ce a'a, inda ka je ya fi nisa, sai dai shi kowa yana zuwa. Ta ce to mu yaushe? Na rungume ta.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna. In mun zo, kai za ka nuna mata da kanka.

Taka,
Maman Hafsa