Na Ce Musu Ras Nake, Ga Shi Bene Ya Gagare Ni

Anti, ki taimake ni da shawara kafin in yi wa wani rashin mutunci a wurin aiki.

Ni malamar adabi ce a sakandare, na yi furfura da alli a hannu. Bara aka gano ina da ciwon dajin mahaifa. Aka yi tiyata aka cire ta, aka bi da maganin nan mai zubar da gashi. Likita ya ce an ci ƙarfin ciwon, alhamdu lillahi. Amma ba wanda ya gaya min zai tafi ya bar min gajiya gado. Ba irin wadda barci ke magani ba. Sai in tashi da safe kamar wadda ta kwana ɗaukar bulo.

Da na koma, na tarar shugabar makaranta ta ba wata sabuwar malama 'yan ajin ƙarshe, yaran da nake renonsu tun suna aji ɗaya. Ni kuma wai in zauna a ɗakin karatu in huta. Ɗakin da na karance littattafansa tun kafin a yaye yarinyar nan! Na shiga ofis na buga tebur, na ce ras nake, ba jinya na zo yi ba. Sai ta mayar min da ajina da duk darussana, ba ragi.

To ajin a saman bene yake. Ina hawa ina tsayawa a kwana, ina yi kamar waya nake dubawa. Darasin safe ina iyawa. Na bayan azahar kuwa, sai in fara jimla a allo in manta ƙarshenta. Ga inda abin ya fi ci min rai: ni na sa aka kwashe kujerun malamai daga azuzuwa. Shekaru ina faɗa a taro cewa mai koyarwa a zaune gyangyaɗi yake koya wa yara, har “Ba-Zama” suke kirana a bayan ido. Yanzu da wane baki zan roƙi kujera? Makon jiya jiri ya ɗebe ni, na dafa allo, na ce kowa ya yi karatun zuci.

Wasu malaman kallona suke kamar gawar da ta manta ta kwanta, ko atishawa na yi sai sannu. Wasu kuma wai ai na yi ƙiba. Maigida ya ga gashi ya tsiro, shi ke nan, ya koma tambayata inda safarsa take.

Jarrabawar yaran ta matso. In na ce na kasa, a ƙwace ajin, a ce da ma an faɗa. In na yi shiru, ko in faɗi a gabansu ko in cuce su. Yaya zan yi?

Malama Ba-Zama

*

Malama, sannu da jiki, sannu da fama.

Gajiyar bayan wannan magani sananniya ce, takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye. Ba ragwanta ba ce. Amma jirin nan kada ki ajiye shi. Ki koma wurin likitanki cikin makon nan, a duba jininki, ki faɗa masa komai har da mantuwar.

Shugabarku ta yi kuskure da ta yanke shawara ba ta tambaye ki ba. Amma ke kika ce mata ras kike, ita kuma ta yarda da ke. Ki koma gare ta, ba da kuka ba, ba da buga tebur ba. Ki nemi a sauko da ajin ƙasa, a mayar da darussanki safe, sabuwar malamar ta karɓi darussanki na ƙananan azuzuwa, ke ki riƙe 'yan jarrabawa. Da wuya shugaba ta so canza malami ana gab da jarrabawa.

Kujera kuwa, ki sa a kawo, ki zauna. Za a yi gulma kwana biyu. Ina kuma kyautata zaton akwai mai ciwon gwiwa a makarantar nan da zai sa miki albarka a ɓoye.

Maigida ba zai gane abin da ake ɓoye masa ba. Ki tafi da shi asibiti ya ji da kunnensa, sannan ki fayyace masa ayyukan gidan da za ki ajiye. Ki riƙa ɗan tattaki kullum, ki huta tun kafin ƙarfin ya ƙare.

Ki je ofishin shugabar da safe, lokacin da kanki ya fi washewa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ba yaranki sa'a.