Ga Tulun Gahawarki Nan, Barira

Zuwa ga Barira, sanyin idona, ruwan farko na daminata, inuwar da na tashi daga ƙarƙashinta da ƙafafuna ba tare da an kore ni ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna Maijidda da Bappa da duk mutanen Falgore. Ni ma ina nan Kwanyawa, idan har wannan zaman da nake yi ya cancanci a kira shi zama.

Jiya Sulle direba ya kawo mini saƙon Inna, wai in aiko da tulun gahawarki kafin Juma'a, za a haɗa shi cikin kayanki. Bai ambaci Malam Nasiru da za ki aura ba, ni ma ban tambaya ba. Wa zai tambayi abin da duk kasuwar Rogo ta sani? Iddarki ta cika tun kafin a cire gyaɗa, ni kuwa ina zaune ina ta hura hanci, wai jira nake ki fara saukowa. Kaico! Sai ga ɗaurin aure ya riga ni isa ƙofarku.

Kin tuna safiyarmu ta fari, ya hasken ɗakina? Na dawo daga sallar asuba na tarar da ke tsugune gaban garwashi, kina soya 'ya'yan gahawa a ɗan kasko har suka yi baƙi suna sheƙi kamar ƙwayar idonki. Kika daka su da citta, kika zuba a wannan tulu mai dogon wuya da marigayi mahaifinki ya zo da shi daga Sudan. Na miƙo hannu a tsaye, kika janye finjalin, kika ce mahaifinki bai taɓa ba mai tsayuwa gahawa ba, ke ma ba za ki fara a kaina ba. Na zauna ina dariya. Finjali uku kike ba ni kullum, kuma a tsakaninsu nake jin duk abin da ke ranki: kazarki da ta ƙi kwanci, ciwon ƙafar Inna, zanin da kika gani a kasuwa kika yi kamar ba kya so. Shekara biyu muka yi a haka, ban san arziki nake sha ba.

Sai aikin rigakafin shanu ya yi mini yawa. Dole in isa rugage kafin a kora dabbobi kiwo, wata rana har Ruwan Bago. A teburin mai shayi a Karaye na fara ganin garin gahawar nan na 'yar leda da ake ce wa kofi. Ka yage da haƙori, ka zazzage a kofi, ka tsiyaya ruwan zafi, shi ke nan, har madara da sukari suna ciki. Wallahi daɗi na ji! Na sayo jere guda na shigo ina washe baki kamar wanda ya kawo miki zinariya, na ce daga yau kin huta da hayaƙi da daka. Bai ishe ni ba, sai da na ƙara a gaban Sulle cewa ni ban ga bambanci ba. Kika wanke tulun, kika kife shi a kan durowa.

Daga ranar a tsaye nake sha, babur yana kunne a ƙofar gida. Sau nawa kika biyo ni zaure da magana a bakinki, ina ce miki sai na dawo? In na dawo kuma gajiya ta cinye ni. Wata biyu kina neman inda za ki zaunar da ni ki ce mini muna da ƙaruwa. Ban san da cikin ba, Barira, sai ranar da ya zube, kuma a bakin maƙwabciya na ji. Da kika warware kika ce ke ƙarar babur kike aure, maimakon in durƙusa, sai na ɗauki biro da takarda. Wane irin mutum ne ke gane saniya marar lafiya tun daga nesa, amma ya kasa gane matarsa a cikin ɗaki ɗaya?

Ban ɗora wa kofin leda laifi ba. Har yau shi nake sha, yana buɗe mini ido, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Cewa ya yi zai rage mini lokaci, ya kuwa rage. Ga lokacin nan tuli guda a hannuna, na rasa wanda zan ba. Sau uku na sauko da tulunki na gwada, sau uku ina ƙona gahawar, gida ya cika da ƙauri har maƙwabta suna leƙowa. Da kina nan da kin yi mini dariya har da hawaye.

Ya ƙamshin safiyata, ya kurciyar da na bar wa ƙofa a buɗe! Na san ba ni da bakin cewa ki fasa. An ce Malam Nasiru mutumin kirki ne, mai haƙuri, wannan kuwa ya fi komai ci mini rai, don ban sami ko abin zagi a jikinsa ba. Amma idan da sauran ko ɗigo ɗaya nawa a zuciyarki, ki dawo wa Sulle da tulun nan, kada ki rubuta komai, zan gane. Ranar Alhamis zan tsaya a tasha in duba hannunsa, ko da yake zuciyata ta riga ta faɗa mini abin da zan gani.

Na naɗe shi a farar rigata don kada wuyan ya karye a hanya. Idan ya zauna a wurinki, abu ɗaya nake roƙo: ranar da Malam Nasiru ya miƙo hannu a tsaye, ki janye finjalin kamar yadda kika yi mini. Kada ki kife tulun ki yi shiru. Shi wataƙila ya ji.

Naki har ranar da za a kwantar da ni a makwancina na ƙarshe, wanda ya koyi zama bayan kin tashi,

Abdulmutalib